Daga kwaɗo zuwa SHA-1: tarihin tsare fayil a rumbun kod

1/ Wani ɗan ajinmu ya tambaye ni: fayil ɗin da aka riga aka yi wa komit, ya za a hana wani taɓa shi? Wai ya saka shi a .gitignore bai yi aiki ba. Ai ba zai yi ba, .gitignore ba ruwansa da fayil ɗin da Git ya riga ya sani. Amma tambayar ta girmi Git da fiye da shekara 30. Ga zare.

2/ A 1972 Marc Rochkind ya rubuta SCCS a Bell Labs. A 1982 Walter Tichy ya fito da RCS a jami'ar Purdue. Dabararsu kwaɗo ce: kana son gyara fayil, ka kulle shi, kowa ya jira. Sai mutum ya kulle ya tafi hutu, aiki ya tsaya cik.

3/ CVS, wanda Dick Grune ya saki a 1986, ya cire kwaɗon. Kowa ya gyara kwafinsa, a haɗa daga baya. Aiki ya yi sauri, amma tarihin duka yana zaune a sabar guda. Wanda ya shiga sabar ya shiga tarihin.

4/ Nuwamba 2003 aka ga illar haka. Lokacin Linux yana kan BitKeeper, amma akwai kwafi na CVS don masu so. Wani ya kutsa ya ƙara layi biyu a kernel/exit.c. A ido kamar binciken kuskure ne kawai.

5/ Ku duba nan: an rubuta current->uid = 0 maimakon == 0. Alama biyu tambaya ce, "wannan shi ne root?" Alama ɗaya umarni ne, "mai da shi root." Wato duk wanda ya san sirrin zai iya ƙwace kwamfutar gaba ɗaya. Wallahi da ni ne mai dubawa, da na wuce shi.

6/ Larry McVoy, mai BitKeeper, ya lura canjin ba shi da asali a babban rumbun. Ba kwaɗo ne ya kama shi ba, kwatanta kwafi biyu ne. Har yau ba a bayyana wanda ya yi ba.

7/ Da Linus Torvalds ya rubuta Git a 2005, sai ya ba kowane komit lambar SHA-1 da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa haɗe da lambar wanda ya gabace shi. Ka taɓa tsohon fayil, duk lambobin da suka biyo baya sun sauya. Shi ya sa da aka kutsa kernel.org a 2011, hankali bai tashi sosai kan kod ɗin ba: dubban mutane na da cikakken tarihin a kwamfutocinsu.

8/ Sai dai Git yana tona asiri ne, ba ya hanawa. Mai izini na iya yin push --force ya danne tarihi. A 2015 GitHub ya kawo reshe mai kariya, wato kwaɗon ya dawo ta bayan gida, a kan reshe maimakon fayil.

9/ A Maris 2021 aka cusa komit biyu na mugunta a rumbun PHP da sunan Rasmus Lerdorf da Nikita Popov. Suna a komit kowa na iya rubuta shi in ba a sa hannu da makulli ba. Masu dubawa suka gano, PHP ya bar sabarsa ya koma GitHub.