Yadda 'Yan Momon Suka Riƙe Karatun 'Ya'yansu

Kwanan nan na duƙufa karanta tarihin ɗariƙar Momon ta Amurka, kuma abu ɗaya ya tsaya min a rai: yadda suka hana littafinsu kuɓuce wa 'ya'yansu.

A 1830 Joseph Smith ya buga Littafin Momon. Mabiyansa sun isa Utah a 1847, suka buɗe makarantunsu. Daga baya makarantun gwamnati suka kwashe yaran, kuma doka ta hana koyar da aƙida a cikinsu. To ya za a yi? A 1912 sai suka gina ɗan ɗaki daura da sakandaren Granite a Salt Lake. Yaro ya tsallaka titi, ya yi darasin nassi, ya koma aji. Da ɗalibai 70 aka fara.

A Kalifoniya kuwa, inda ba su da yawa, sai a 1950 suka mai da darasin da sassafe, kafin a tafi makaranta.

A 2019 kuma suka rage zaman cocin Lahadi daga awa uku zuwa biyu, suka ɗora wa iyaye nauyin karatu a gida. Manhaja ɗaya ce, shekara huɗu tana zagayawa: Tsohon Alkawari, Sabon Alkawari, Littafin Momon, sai wahayoyin Smith.

Ni dai abin da na gani, duk sanda zamani ya ƙwace musu lokaci, sai su nemo wani. A ƙarshe ma gida suka mai da aji. Ku fa, me kuka gani?