Wa Zai Shaide Ka? Daga Ijazar Malamai Zuwa Ɗakin Gaggawa

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya gama karatun likita yana son ya ƙware a wani fanni, sai ya haɗa dosiye. A ciki akwai diplom, akwai takardar haihuwa, akwai sakamakon jarrabawa. Sau da yawa, musamman in waje za a tahi, akwai kuma wata takarda guda wadda ba kai ke rubuta ta ba: takardar da malaminka zai shaide ka. Ita ce mafi ƙanƙanta, amma tana iya buɗe ƙofa ko ta rufe ta. Wannan takarda tana da tarihi, kuma tarihin ya shafi ɗan Gidan Amumune fiye da yadda ya shafi ɗan Yamai.

Tun kafin zuwan Nasara muna da irinta. Sunanta ijaza. In almajiri ya sauke littafi a gaban malami, malamin zai ba shi izinin karantar da shi, ya faɗi wanda ya karantar da shi kansa, da wanda ya karantar da wancan, har silsila ta kai ga mawallafi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya bi Malam Jibril ɗan Umar har Agadas don neman ilimi. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu. Muhammadu Bello kuwa har kan magani ya yi rubuce-rubuce, ciki da ciwon ido da basir. Abin lura shi ne, mai ba da ijaza ya zauna da almajirin, ya ji karatunsa da kunnensa. In almajirin ya yi ɓarna gobe, sunan malamin ne ya zube.

Haka abin yake ga masu agajin gaggawa na gargajiya. Maɗori ba ya barin yaronsa ya taɓa karaya sai ya ga hannunsa ya faɗa. Wanzami ba ya miƙa zabira ga wanda bai daɗe yana riƙe masa ƙaho ba. Ba takarda, amma gari duka ya san wa ya koya wa wa.

Da Faransawa suka zo sai shaida ta sake hannu. A 1918 suka buɗe makarantar likita a Dakar don ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashinsu. Wanda ya fito daga nan mataimakin likita ake kiransa, yana aiki ƙarƙashin likitan Bature. Félix Houphouët-Boigny, wanda ya zama shugaban Kodebuwa, a nan ya gama a 1925. Hanyar zuwa Dakar doguwa ce: lakol ta gari, lakol ta yanki, babbar firamare, sannan William Ponty. A kowane mataki akwai jarrabawa, akwai kuma abin da darakta ya rubuta kan halin yaro. To, shi mai mulki ba kaifin ƙwaƙwalwa kaɗai yake dubawa ba, yana duba ladabi da biyayya. Malamin zaure yana shaidar abin da ka sani. Takardar Nasara ta haɗa da ko za ka yi musu gardama.

Bayan ƴancin kai a 1960 aka fara gina namu. A Yamai aka yi taron shugabanni na 1968 da ya haifi CAMES, hukumar da ke daidaita darajar diplom da ta malaman jami'a tsakanin ƙasashe masu Faransanci. Jami'ar Yamai ta tsaya da ƙafafunta a farkon shekarun 1970, da makarantar kiwon lafiya a cikinta, kuma a 1992 ta ɗauki sunan Abdu Mumuni. Yau a Maraɗi ma jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana koyar da likitanci. Konkur da lambar jarrabawa sun rage ƙarfin son rai, amma ba su kashe shi ba. Kowa ya san maganar mai uwa a gindin murhu.

Shi fannin gaggawa yaro ne a cikin fannonin likita. A Amurka aka fara horar da ƙwararrunsa a jami'ar Sinsinati a 1970, aka amince da shi fanni mai zaman kansa a 1979. A Faransa sabis ɗin SAMU ya fara a Tuluz a 1968, amma sai 2017 fannin ya samu cikakken diplom ɗin ƙwarewa nasa. A Afirka, Kef Tawun ta fara a 2004, Kumasi ta Gana a 2009, Darussalam ta Tanzaniya a 2010.

Amurkawan nan sun ci karo da matsalar da za mu gane da sauri: yabo ya yi yawa har ya daina amfani. Kowane malami sai ya rubuta cewa ɗalibinsa haziƙi ne, ba kamarsa. In kowa gwani ne, wa za a ɗauka? Shi ya sa a tsakiyar shekarun 1990 ƙungiyar daraktocin horon gaggawa ta fito da takarda mai tsari guda, wadda yau ake kira SLOE. Ba ta barin malami ya yi ta kirari. Tana tambayarsa: tun yaushe ka san ɗalibin, kuma ta yaya? Takarda nawa ka rubuta bara? In ka jera shi da sauran, yana cikin goma na farko a ɗari, ko kashi na sama, na tsakiya, ko na ƙasa? Ɗalibi kan yi kamar wata guda yana aiki a ɗakin gaggawa kafin a cike masa ita. Kun ga, da dabararsu ta zamani sun komo inda ijaza ta tsaya: kar ka shaidi abin da ba ka gani ba.

Amma ko can ba a gama ba. Har yanzu malamai na tura ɗalibai da yawa zuwa sahun sama. Kuma wanda makarantarsa ba ta da sashen horon gaggawa, ko wanda ya zo daga wata ƙasa, yana shan wuya kafin ya samu mai cike masa, har sai da aka ƙaro wasu nau'o'in takardar.

Nan ne maganar ta iso gida. Gaggawa a ƙasar Mayahi da Tasawa ba ta jiran ƙwararre. Yaro ne mai zazzaɓin damina da jijjiga, mace ce mai doguwar naƙuda a kan amalanke, saran maciji ne a gona, haɗarin babur ne ranar kasuwa. Yunwar 2005 ta nuna wa duniya yadda asibitocin jihar Maraɗi ke cika da yara masu tamowa. Ɗalibin da ya yi sitaj ko hutunsa a CSI na karkara ya ga waɗannan, ya sa ruwa a jijiyar jariri da hasken tocila, ya yanke shawarar a tura maras lafiya Mayahi tun dare bai yi ba. Wa ya gan shi? Majo da ungozoma. Su kuwa sa hannunsu ba ya da nauyi a Dakar ko Rabat. Farfesan da sunansa ke da nauyi, wataƙila sau biyu ya taɓa ganin fuskar yaron a cikin taron ɗalibai. Wanda ya gani ba a san shi ba, wanda aka sani bai gani ba.

Maganin ba mai tsada ba ne. Ɗalibi ya riƙe littafin aiki, kowane abin da ya yi a rubuta da kwanan wata, wanda ya tsaya a kansa ya sa hannu. Babban likitan gunduma ya tattara shaidar majo da ungozoma ya aika wa jami'a. Farfesa in zai rubuta, ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ya kuma ambaci wanda ya ba shi labarin sauran, kamar yadda malaman da suke jera silsila.

Mu kuma da za mu zama masu sa hannu wata rana, mu tuna takardar nan shaida ce. In ka yabi ragon ɗalibi don ɗan wane ne, ba shi kaɗai ka yi wa alfarma ba: ka danƙa masa ran wani da za a kawo ƙarfe ukun dare. In kuma ka yi shiru kan ɗan talaka mai hannu, ka hana ƙauye guda likitansa.