Tashar Sola a Harabar Makaranta: Yadda Take Aiki da Abin da Ke Riƙe Ta

Tashar sola ta makaranta ƙaramar tashar wutar lantarki ce da ake kafawa a harabar jami'a ko kwaleji, domin ajujuwa da ɗakunan gwaje-gwaje da rijiyoyin burtsatse da ɗakunan kwanan ɗalibai su samu wuta ba tare da jiran babban layin ƙasa ba.

Sassanta huɗu ne. Farantan sola suna mayar da hasken rana wutar lantarki. Inbata tana juya wutar zuwa irin wadda fanka da firji da kwamfuta ke aiki da ita. Batura suna ajiye rarar da aka samu da rana don amfanin dare. Janareto kuwa yana tsaye ne a gefe, sai batura sun gaza yake tashi.

Misali mafi girma a ƙasar Hausa shi ne na Jami'ar Bayero da ke Kano. A watan Satumban 2019, Mataimakin Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da tasha mai ƙarfin megawat 7.1 a jami'ar. Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara, wato REA, ita ta gudanar da aikin a ƙarƙashin shirin Gwamnatin Tarayya na samar wa jami'o'i wuta, kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ma tana cikin rukunin farko na shirin. A Sakkwaton akwai Cibiyar Binciken Makamashi, wadda ta daɗe tana nazarin amfani da hasken rana.

Abin da ya ƙara jawo hankalin makarantu shi ne tsadar wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin tayar da janareto ya hauhawa, sannan a watan Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit.

Jihar Zamfara, kamar Kebbi da Sakkwato, tana samun wuta ne ta hannun kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna. Garuruwan yammacin jihar irin su Anka da Gummi da Bukkuyum suna nesa da Gusau, ga matsalar tsaro da ke wahalar da jigilar mai a hanyoyinsu. Rana kuwa akwai ta a yankin kusan duk shekara. Makarantar da ke can ba ta buƙatar tasha irin ta Kano. 'Yan farantai da za su riƙe famfon ruwa da ɗakin kwamfuta da fitilun karatun dare sun isa a fara da su.

Sai dai kafa tasha ya fi riƙe ta sauƙi. Farantai kan kai shekara 20 zuwa 25 suna aiki, amma ƙurar hunturu tana rufe fuskarsu ta rage wutar da suke bayarwa, don haka dole a riƙa wanke su. Batura su ne suka fi tsada kuma su suka fi saurin mutuwa, musamman a ɗaki mai zafi. Batirin dalma yakan gaji cikin 'yan shekaru, na litiyam ya fi shi daɗewa amma ya fi shi kuɗi. Makarantar da ba ta ware kuɗin sauya batura ba tun ranar farko, za ta wayi gari da farantai a rufi da duhu a aji.

Akwai kuma batun matattun batura. Mutanen Anka da Bukkuyum sun san illar dalma, domin a 2010 gubarta, wadda ta fito daga niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukansu. Batirin dalma da ya mutu ba abin fasawa ba ne a bayan aji ko a narka a unguwa. A mayar da shi ga dillalin da ya sayar.

Saboda haka, kafin hukumar makaranta ta sa hannu a kan kwangila, ya kamata ta san yawan wutar da take sha, da wanda zai kula da tashar, da inda kuɗin batura na gaba zai fito.