Gidan Yaye

A ƙasar Zazzau ta lokacin ƙuruciyata, uwa ba ta yaye ɗanta da kanta. Yaye mata shi ake yi. Nata dai goyo da shayarwa, da ɗura idan lokacin koko ya yi. Amma ranar raba yaro da mama magana ce ta manya: uwar miji, kakar yaro ta wajen uwa, wani lokaci da goggo, sai malamin da zai yi rubutu. Maigida kuwa ya auno gero, ya sayo goro da sabulu, ya ja bakinsa ya yi shiru. Na tashi a wani ƙauye kusa da Giwa, a hannun mahaifiyar babana da muke kira Iya, kuma ɗakinta ne gidan yayen danginmu kaf. Daga baya na yi aikin jinya a ɗakin awon yara har na yi ritaya, don haka al'adar nan na gan ta a tsakar gida, na kuma gan ta a kan sikeli.

Ƙa'idar da kowa ya sani shekara biyu ce. Tana cikin aya ta 233 ta Suratul Baƙara, kuma malaman Malikiyya sun ƙara wata biyu a kai wajen hukuncin 'yan'uwantakar shan nono. Sai dai Iya ba da kalanda take lissafi ba. Haƙora take dubawa, da tafiya, da ko yaro ya iya kai loma baki da hannunsa. Sannan ta dubi gari. Ba ta karɓar ɗan yaye da bazara, lokacin da ƙyanda da sanƙarau ke yawo, kuma ba ta so a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ga zazzaɓi ga gudawa. Bayan girbi ta fi so, an yanke gero, an tone gyaɗa, Fulani sun sauka a gonaki nono ya yi araha. Namiji akan cire shi da ɗan wuri, wata biyu ko uku kafin shekara biyun ta cika, wai idan ya daɗe a nono kansa zai yi nauyi ya kasa ɗaukar karatu. Wannan kam ban taɓa ganin shaidarsa ba, a allo ko a boko.

Juma'a aka fi zaɓa. Tun ana gobe an kai wa malam goro da ɗan abin sadaka, ya yi rubutun dangana, an wanke allo an kawo a ƙoƙo. Da safe uwa ta ba yaro nono ya sha ya ƙoshi, na ƙarshe ke nan, a bi shi da rubutu, a soya ƙosai ko a dama gumba a raba wa yaran unguwa. Sai goggo ko wata yayarsa ta goya shi a kama hanya. Uwa ba ta rakiya. In ɗan fari ne ma ko kai ba za ta ɗaga ba, don kunya. Ta shige ɗaki, ta ɗaure ƙirji da zane saboda kumburin nono, abin da ya zo mata na hawaye ta yi shi inda ba mai gani.

A ɗakin Iya, dare ne yaƙin. Da rana yaro na cikinmu, muna ja masa motar langa-langa, muna tura masa gyaɗa dafaffa da rogo, ya manta. Da an yi sallar isha'i sai ya fara lalube. Iya ta san da haka, shi ya sa kullum akwai ƙwaryar fura da aka dama da nono a gindin gadonta, da ɗan ludayi. Idan furar ba ta yi ba, ta zaro nononta da ya daɗe da ƙafewa ta sa masa a baki, ya yi ta tsotso har barci ya sace shi. Duk wannan da tsokana take yi. In namiji ne ta ce, "Haba maigida, kuka za ka yi mini a ɗakina? Ina cefanen da ka kawo?" In mace ce ta ce, "Ke kishiya, rufe mini baki, miji dai na riga ki." Kwana kaɗan kukan ya koma ƙunƙuni. Bayan mako guda ko biyu a mayar da shi da sabuwar riga da 'yar kaza, kazar yaye, wadda tasa ce har abin da ta ƙyanƙyashe.

Gidan da ba su da inda za su kai yaro, sai su yi na shafe-shafe: a jiƙa ɓawon maɗaci ko a murza shuwaka a shafa wa kan nono, yaro ya kai baki ya ji ɗaci, a ce masa ai mama ta lalace. Wasu har barkono suke sawa. Iya takan ce wannan ba yaye ba ne, mugunta ce, kuma ina bayanta.

Ba kowane ɗan yaye ke komawa ba. Ni ban koma ba, haka aka bar wa Iya ni. Yaye shi ne ƙofar riƙo: lokacin ne goggon da ba ta haihu ba ke zuwa ta ce a ba ta, ko kaka ta ce ɗan fari nata ne. Akwai littafin Baba of Karo, wanda ya fito a 1954, labarin wata tsohuwa da aka haifa wajen 1877, ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta a nan Giwa tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950. Ita ba ta haihu ba, amma ta yi riƙon 'ya'yan dangi, kuma abin da ta faɗa game da goyo kusan shi na tarar a gidanmu, ko da yake ita ta ga zamanin da Turawa ba su zo ba. Sai dai ƙofar nan tana da ɓangaren da ba na son tunawa. Matar da aka saka da goyo, ranar yaye ita ce ranar da dangin uba ke aiko a karɓi ɗansu. A fiƙihun Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Al'ada ta danne wannan hukunci, kuma mata da yawa ba su ma san suna da shi ba. Na san waɗanda suka riƙa jan shayarwa har yaro ya kusa shekara uku, ba don komai ba sai don jinkirta wannan aike.

Ginshiƙin tsarin duka shi ne uwa ta nisanci shimfiɗar miji har ta yaye. Wadda ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki da goyo a baya, ta shiga bakin mata a rijiya da gidan biki. An yi imani nonon mai ciki guba ne ga yaro, don haka da an gane, a ranar za a cire shi, ko watansa goma ne. Baba ta Karo ma ta ambaci wannan tsoro. Addini bai hana ba: a Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da ke nuna Annabi (SAW) ya yi niyyar hana kusantar mai shayarwa, sannan ya fasa da ya ga Rumawa da Farisawa suna yi bai cutar da 'ya'yansu ba. Hanin na al'ada ne, kuma abin da ya riƙe shi shi ne babban gida, da kishiyoyi, da dogon zaman da mace ke yi a gidan iyayenta bayan haihuwa. Da ma'aikaci ya kama ɗaki ciki da falo a Tudun Wada ko Sabon Gari, shi da matarsa ɗaya, ba uwar miji a kusa, sai shekara biyu ta dawo kwana arba'in. Ba na cewa a koma. Amma tazarar da ke tsakanin wa da ƙani, wadda a gidanmu takan kai shekara uku, daga nan ta fara tsukewa, kuma ba a yi saurin kawo abin da zai maye gurbinta ba.

A nan ne raunin kokonmu ya fito fili. Ina ƙaunar koko, amma gaskiya ɗaya ce: wanda ake dama wa jariri, an tace gasara an zubar da dusa, an tsinka shi salala don ya bi maƙogwaro, yawancinsa ruwa ne. Cikin yaro ɗan shekara guda bai wuce ƙaramin kofi ba. A cika shi da ruwan gero, ya ƙoshi bai ci komai ba. Ga ɗura: a kwantar da shi a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a toshe hanci, yana shure-shure yana haɗiya, wani lokaci ya shaƙe kokon ya bi ta huhu. Ƙwai an hana, wai zai koya masa sata. Nama na maigida ne, yaro sai dai ya tsotsi ƙashi. Abin da ya rufa wa wannan abinci asiri shi ne nonon da ke tafe tare da shi, wanda ko a shekara ta biyu yana ba yaro kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikinsa ke buƙata. A cire nono a wata goma a bar koko kaɗai, sai ka ga gashi ya yi ja ya yi laushi, ƙafa ta kumbura, yaro ya daina wasa. Mata su ce ya sha ciki, ko maye ya kama shi. Likita Cicely Williams ta bayyana irin wannan ciwo tun 1933 a Gwalkwas, Ghana ta yau, a jikin yaran da aka yaye a kan kunun masara. Mu tamowa muke ce masa, kuma na auna masu ita fiye da yadda nake so.

Sai zamanin gwangwani. Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, madarar jarirai da bulumboti suka zama alamar wayewa, har cikin kayan barka ake sa su. A gidan da ke da famfo da risho da albashi, yaro yakan yi ɓul-ɓul. A gidan da ruwan rijiya ne, kuma gwangwanin mako ake ja ya kai wata, ana sa cokali ɗaya inda aka ce uku, gudawa ce ke biyo baya. Abin ba a nan kaɗai ya faru ba. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka saboda yadda ake tallar madarar a ƙasashe matalauta, kuma a 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar taƙaita tallar, ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi. Nijeriya ta yi tata dokar a 1990. Amma in za a bi ta tawa, tsadar da ta biyo bayan tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 ta fi kowace doka mayar da mata ga shayarwa.

Mu ma'aikatan asibiti sai muka fito da namu wa'azin: nonon uwa zalla, wanda tun 2001 aka tsayar da shi a wata shida, ba ruwa, ba ɗauri, ba rubutu, kuma a ba jariri dakashin farko maimakon a matse a zubar. Da kakanni muka fi kai ruwa rana. Wata ta taɓa kallona ta ce, "Malama, ko baƙo ya zo da ruwa ake tarbarsa. A zafin nan za ki ce in bar jikana da ƙishi?" Na ce mata, "Hajiya, nonon nan kansa kusan duk ruwa ne. Uwar za ki cika wa moɗa." Ta yi dariya, ban ce ta yarda ba. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta nuna masu shan nono zalla sun tashi daga kashi 17 cikin 100 a 2013 zuwa 29 a 2018. A 2018 ɗin kuma, kashi 57 na yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Yawancin wannan tsumburewa tsakanin wata shida da shekara biyu take kama yaro, wato daidai lokacin koko.

Abin da ke ba ni takaici shi ne maganin yana gonarmu. A yunwar 2005 a Nijar, wadda ta fi tsanani wajen Maraɗi, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, akasari da wani ɗan ƙunshi mai suna Plumpy'Nut da aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Me ke ciki? Niƙaƙƙiyar gyaɗa, madarar gari, mai, sukari da sinadaran ƙarin jini da na gina jiki. Gyaɗa dai, wadda Kano ta yi dala da ita kafin cutar da ta kashe ta a 1975. Iya ba ta san sunan sinadari ko ɗaya ba, amma kunun gyaɗa take dama wa 'yan yayenta, da kauri, ta murmusa ƙuli-ƙuli a fate, ta ɗiga man shanu a tuwo da miyar kuka. Masu kunun zaƙi ma sun daɗe da sanin cewa ɗan garin tsiro yana tsinka kunu mai kauri ba sai an ƙara ruwa ba, dabarar da sai daga baya muka ji ta a taron bita.

Yanzu 'yan matan unguwarmu suna soya gero da waken suya da gyaɗa, su niƙa da dabino, wasu da busasshen kifi, su ƙulla a roba suna tallarsa a WhatsApp. Wannan ya fi salala nesa ba kusa ba, ga wanda ke da kuɗin saye. Jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwa wata shida a 2019, amma na masu albashin gwamnati ne. Mai tuyar awara a ƙofar gida ita ke ba kanta hutu. Yaye kuwa ya dawo ɗaki ɗaya. Uwa ta manna filasta a kan nono ta ce wa yaro ciwo ne, ta juya masa baya, uban ya saɓa shi a kafaɗa yana zagaya tsakar gidan haya har maƙwabta su fara gyaran murya. Kakar tana can ƙauye, da safe ta bugo waya ta ji ko ya yi barci, ta ce ta ba direban motar kasuwa rubutu a gora, a je tasha a karɓa.