Riga-kafin shan inna: Me ya sa har yau ake ɗiga wa yara a Mora?

A ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali. Amma har yau ma'aikatan lafiya na bi gida-gida a Mora da Marwa da Garwa, suna ɗiga wa yara magani a baki, suna shafa musu tawada a ƙaramin yatsa. Iyaye da dama na tambaya: in cutar ta tafi, ɗigon na mene ne?

Yadda cutar take

A da, Hausawa sun ɗauka aljana Inna ce ke shanye ƙafar yaro, daga nan sunan ya samo asali. Likitoci sun gano ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Ta fi kama 'yan ƙasa da shekara biyar. Cikin yara 200 da suka kamu, kusan ɗaya ne ke shanyewa, sauran kuwa suna yaɗa ta ba tare da an sani ba. Ba ta da magani, sai riga-kafi.

Riga-kafi iri biyu

A 1955 aka amince da allurar da Jonas Salk ya haɗa a Amurka da matacciyar ƙwayar cutar. A katin asibitin Kamaru ana rubuta ta VPI. Albert Sabin ya biyo baya da na ɗigawa, wato VPO, mai ƙwaya rayayya da aka raunana, wanda ya bazu a farkon shekarun 1960. Ɗigon ya fi araha, ba ya buƙatar allura, kuma yana tare cutar tun a hanji.

A 1988, da aka ƙaddamar da shirin kawar da cutar a duniya, tana nakasa yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Yanzu ta asalin ta rage a Afghanistan da Pakistan.

Cuta ba ta san iyaka ba

A 2003 aka dakatar da riga-kafi a Kano kusan shekara guda, saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Gwaje-gwaje ba su tabbatar da zargin ba, aka koma yi a Yulin 2004, amma cutar ta riga ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama, har da Nijar da Chadi da Kamaru.

Kamaru ta ga mai ɗauke da ta asali na ƙarshe a Yulin 2014. Bayan shekara biyu, a Agustan 2016, sai cutar ta sake ɓulla a jihar Borno, ciki har da Gwoza da ke bayan duwatsun Mandara, inda rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata isa ga yara. Mora, babban garin gundumar Mayo-Sava, na kan hanyar Banki da Amchide, kuma ta karɓi dubban 'yan gudun hijira. Shi ya sa ƙasashen Tafkin Chadi ke haɗa zagayen riga-kafi lokaci guda.

Abin da ya rage

Inda yara da yawa ba su samu riga-kafi ba, raunanniyar ƙwayar ɗigon kan daɗe tana yawo tsakaninsu har ta rikiɗe, ta iya shanye ƙafa. Irinta aka gano a ruwan ƙazanta a Mada, jihar Arewa Mai Nisa, a 2019. Yaron da ya samu cikakken riga-kafi na da kariya daga gare ta. Tun 2021 ake amfani da sabon ɗigo, nOPV2, wanda bai cika rikiɗewa ba.

Abin da iyaye za su kiyaye

Ana ɗiga wa jariri ranar haihuwa, sai a mako 6 da 10 da 14, inda ake haɗa masa da allura. Ɗigon zagaye ƙari ne a kan wannan, kuma maimaitawa ba ta cutarwa. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a kai shi asibiti nan take. A kuma riƙe katin riga-kafi ko da za a ƙetare iyaka.