Ɗambatta, Garin da Ba a Kai Ɗaliban Waje Su Gani

Shekara da shekaru ɗalibai na zuwa Jami'ar Bayero daga Jamus da Folan da Sin da Amurka domin su goge Hausarsu a bakin masu ita. Kwanakinsu na farko kusan tsari ɗaya ne. A hau da su Dutsen Dala su hango birni, a sauko a kutsa Kasuwar Kurmi su sayi jakar fata, a kai su karofin Ƙofar Mata su ɗauki hoton marina, a zagaya Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, a tsaya a Ƙofar Kudu. Kafin mako ya zagayo, baƙo ya rubuta wa mutanen gida cewa ya ga Kano. Ni kuwa na ce birni ya gani. Kano ƙasa ce, kuma wanda bai fita bayan ganuwa ya ga inda hatsin birni yake fitowa ba, bai san abin da ya riƙe Kurmi ɗaruruwan shekaru ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, don haka bari ɗan Ɗambatta ya faɗi abin da ake hana waɗannan baƙi gani.

Tun da daɗewa haka baƙi suke yi mana. Hugh Clapperton ya shigo Kano a watan Janairun 1824, ya tarar da Sarki Ibrahim Dabo a sansani yana shirin yaƙi da Ɗantunku. Ya rubuta sunan Ɗantunku a matsayin ɗan tawaye, ya koma kan kasuwa da 'yan dambe, bai taɓa sanin ƙasar da ake wannan gwagwarmaya a kanta ba. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ta Katsina da Bichi ya shiga birni a farkon Fabrairun 1851. Shi kam ya yaba gonakin da ya ratsa, amma bayanin da ya yi mai tsawo na birni ne, wanda ya zagaya a kan doki. Ɗaliban yau sawun waɗannan suke bi.

Ɗambatta tana arewa da birnin Kano a kan hanyar Daura, tafiyar sa'a ɗaya da 'yar ɗoriya a mota. Za ka bi titin Katsina, ka wuce kasuwar hatsi ta Dawanau, ka karya dama. Daga gare mu sai Kazaure, kuma tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 muka zama garin kan iyaka. Faɗin ƙaramar hukumar murabba'in kilomita 732 ne, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 207,968, wato wajen mutum 280 a kowace murabba'in kilomita, a ƙasar da ruwa ke sauka wata huɗu kacal a shekara. Ajumawa, Fagwalawa, Gwarabjawa, Kore, Saidawa, Sansan, Gwanda da Goron Maje duk ƙasarmu ce.

Batun wanda ya kafa garin shi ne inda ake ja-in-ja, kuma dole in tsaya a kansa. Mutanen Kazaure suna cewa Ɗambatta garin Ɗantunku ne, kakan sarakunansu, Bafulatanin Yarimawa. Ba su yi ƙarya ba a kan cewa ya zauna a nan. Ɗantunku jarumi ne, kuma a farkon jihadin Shehu Usmanu shi ya tare rundunar sarakunan Haɓe da ta taso daga arewa domin agaza wa Sarkin Kano Alwali. Da Sarki Sulaimanu, wanda ya hau sarautar Kano bayan Alwali, ya rasu a 1819 aka naɗa Ibrahim Dabo, sai Ɗantunku ya ƙi yin mubaya'a. Aka shekara biyar ana fafatawa, ya bar Ɗambatta ya koma cikin duwatsun Kazaure, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya bar masa ƙasarsa. A 1824 Ɗantunku ya rasu, ɗansa Dambo ya gaje shi. Wannan duk gaskiya ne. Amma zama a gari daban, riƙe shi daban. Wanda ya tashi da jama'arsa ya kafa sarauta a wani wuri, can ne garinsa. Ɗambatta ta zauna a cikin ƙasar Kano, kuma gidan da aka san ta da shi shi ne gidanmu na Dambazawa. Kafin Ɗantunku da Dambazawa baki ɗaya kuwa, akwai manoma Hausawa da makiyaya a wannan ƙasa, su suka haƙa rijiyoyin farko, kuma jikokinsu na nan tare da mu.

Kakanmu Malam Muhammadu Dabo, wanda ake kira Dabon Dambazau domin a bambanta shi da Dabon Sulluɓawa, yana cikin jagororin jihadin Kano, tare da Malam Jamo na Sulluɓawa, da Malam Jibir na Yolawa, da Malam Bakatsine na Joɓawa, da Malam Ɗanzabuwa na Danejawa, da Malam Usman Bahaushe. Duk mai son ganin yadda aka yi, ya nemi Taƙyidul Akhbari na Alƙali Muhammadu Zangi. Su suka yi ta gwabzawa har aka karya rundunar Alwali a Ɗanyaya, ya gudu kudu, aka cim masa a Burumburum a 1807.

Akwai wani labari a tsohon Tarihin Kano da baƙi suke karantawa a fassarar Turanci ta Palmer su ɗauka hukunci ne. An ce a zamanin Sulaimanu, Dabon Dambazau ya nemi aure a Sakkwato aka ba shi, Sarki ya fusata ya sa aka ɗaure shi, danginsa suka zo cikin dare suka kwance shi, ya nufi wurin Shehu, Sulaimanu ya bi shi, Shehu ya sulhunta su. Marubucin ya kira wannan tawaye. To, ina tawayen yake? Mai tawaye daji yake shiga ya tara mayaƙa. Wanda ya kai ƙara wurin Shehu Usmanu ya karɓi sulhu ya dawo gida, biyayya ya yi. Littafin an rubuta shi ne a inuwar fada, kuma marubucin fada ba zai raina mai gidansa ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce abin da ya biyo baya. A 1819 Dabon Dambazau yana cikin manyan da idon jama'a ke kansu, amma da sarauta ta tafi gidan Sulluɓawa bai ja daga ba, alhali garuruwa da yawa sun juya wa sabon Sarki baya. Sarautar Sarkin Bai ta tabbata a gidansa, kuma har gobe Sarkin Bai yana cikin masu zaɓen Sarkin Kano su huɗu, tare da Madaki da Makama da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Ba a ba ɗan tawaye wannan amana.

Arewacin Kano bai taɓa zama wurin hutu ba. Ta nan Damagarawa suke kawo hari, har zuwa ƙarshen shekarun 1890 da Sarki Alu ya kara da su a Gezawa da Tattarawa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, ya fitar da hakimai daga birni su zauna a ƙasashensu, Ɗambatta ta zama mazaunin Sarkin Bai. A cikin waɗanda suka riƙe ta babu kamar Alhaji Mukhtar Adnan, wanda Sarki Sanusi na ɗaya ya naɗa a 1954, ya rasu a Disambar 2021, shekara 67 da rawani. Ya yi ɗan majalisar tarayya a jamhuriya ta farko, ya yi kwamishinan ilimi zamanin Gwamna Audu Bako, kuma da shi aka zaɓi Muhammadu Inuwa da Ado Bayero a 1963, da Muhammadu Sanusi na biyu a 2014. Ɗansa Dokta Mansur Mukhtar, ministan kuɗi daga 2008 zuwa 2010, shi ya gaje shi. A ɓangaren talakawa ma ba a bar mu a baya ba: Magaji Ɗambatta, ɗan jarida, yana cikin mutum takwas da suka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agustan 1950. Farfesa Umar Garba Ɗambatta ya shugabanci hukumar sadarwa ta ƙasa daga 2015 zuwa 2023.

Bara da kaka wani ɗan ƙanena da ke karatu a birni ya kawo mini abokinsa, ɗalibi daga Sin, kwanansa kaɗan da sauka. Ranar Lahadi ce, ranar kasuwarmu. Muka fara da kara, inda shanu da raƙuma da tumaki ke shigowa daga Nijar da Daura da Ɓaɓura, dillalai na tsakani, manyan motoci na lodi zuwa kudu. Muka bi ta 'yan hatsi, inda ake auna gero da wake da riɗi a tiya, muka gaida fada. Unguwannin bakin tasha, da rumfunan kallon ƙwallo da majalisun zaman banza, irinsu ake gani a kowane gari, ba mu tsaya ba. Da la'asar muka fita gona. Yaron ya durƙusa ya gaida wani dattijo da ke ɗaure dami, ya tambaye shi da Hausar littafi: "Baba, yaushe gonar nan take hutawa?" Dattijon ya ce, "Ɗan nan, tun kakana ba ta taɓa hutawa ba. Ci da ita muke yi, ita ma ta ci da mu."

Wannan amsa ita ce abin kallon da ya fi Dala. A ƙasar Hausa da yawa a da, in gona ta gaji sai a bar ta ta yi saura a sari sabuwa. A kewayen Kano mutane sun yi yawa, daji ya ƙare tun kafin zuwan Turawa, sai manomi ya koyi noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da ya kashe shi ba. Yana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, gero ya nuna da wuri ya kori yunwa, dawa ta biyo baya, wake da gyaɗa su mayar wa ƙasa ƙarfi. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki a turke, ana yanko musu ciyawa, takinsu na taruwa. Da kaka a naɗe harawa a ɗora a bishiya ko a kan soro, kara ya tafi danni da makamashi, toka ta koma juji. Da bazara jaki da mangala, ko amalanken shanu, su kwashe takin zuwa gona a zuba tsibi-tsibi. Babu abin da ake zubarwa. Bishiyoyin gona ma kowace da mai ita: ɗorawa don daddawa, kuka don miya, tsamiya don kunu, sai gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, ya yi kore da rani ya ba dabbobi abinci. Michael Mortimore, wanda daga baya ya koyar a Jami'ar Bayero, ya wallafa bincike kan wannan tsari tun 1965, kuma masana a Ingila suna kafa hujja da manomin Kano cewa yawan jama'a ba dole ya kashe ƙasa ba. A jami'o'in Turai ana karanta mu, a gida kuwa ana ce mana ƙauyawa. Na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya shi ya tarar.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gyaɗar da ta gina dala a Kano bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 daga gonakin irin namu ta fito, amma fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki, kuma ba a sake tayar da shi ba. Madatsar ruwa ta Tomas, wadda aka gina a tsakiyar shekarun 1970 cikin shirin da Audu Bako ya fara, an yi ta ne domin kada matashi ya zauna hannu rabbana da rani. Yau ruwan yana nan, amma abin da ake nomawa da shi bai kai abin da aka yi niyya ba, manoma da yawa da injin ban ruwa da man da suka saya da tsada suke jawo shi. Muna da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a ƙofar gida, muna da makarantar ungozoma, amma ɗan manomi ya gama sakandare ya rasa abin yi. Gado ya yayyanka gonaki har wani rabon bai isa ya ci da gida wata uku ba. Buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka. Masu gawayi suna sare itatuwan da kakanni suka raina, ba a dasa wasu. Samarinmu sun cika Legas da Abuja suna acaɓa da turin baro, cirani ya zama ƙaura. Dattawan da suka san jerin sarakunan Bai da wuraren da aka yi yaƙi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, babu ɗaki ko ɗaya a garin nan da aka keɓe don ajiye takardu da kayan tarihi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ina kira ga 'ya'yan Ɗambatta da Allah ya ɗaukaka a birni da ƙasashen waje da su haɗa hannu a gina wannan ɗaki, a naɗi muryoyin dattawa tun suna da rai, a gyara hanyoyin ruwan Tomas, a dasa gawo da ɗorawa a madadin waɗanda aka sare. Malaman jami'a masu karɓar ɗaliban waje kuma, ku ware musu Lahadi ɗaya a makonsu na farko ku kawo mana su. Za mu ba su masauki da fura, mu kai su kara da fada da gona. Gani ya kori ji. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka.