Fijo da Toyota: Yadda Sarautar Titi Ta Sauya Hannu a Arewa

Rubutun wannan makon kan mota ne, kuma da dalili. Sau da yawa za ka karanta labarin da marubuci ya ce ya faru a 1981, sai ka ga ya ɗora Alhajin labarin a cikin Camry, alhali a shekarar ko a Japan ba a fara sayar da Camry a matsayin mota mai zaman kanta ba, sai 1982. Alhajin wancan lokacin, in ba Marsandi ya hau ba, to Peugeot ce, wadda bakin Bahaushe ya mayar Fijo. Yau kuma in ka ce wa matashi ya sayi Fijo sai ya tambaye ka ko kana da gaba da shi. Me ya faru a tsakani?

Amsar da aka saba ji a majalisa ita ce Toyota ta fi ƙarko, shi ke nan. Ni ina ganin wannan rabin magana ce. Ƙarkon mota a ƙasa irin tamu ba a ƙarfenta kaɗai yake ba. Yana wurin bakaniken da ya san ta, da kasuwar da ke da kayan gyaranta, da kuma darajar kuɗin da ke aljihun mai ita. Fijo ta taɓa haɗa ukun nan gaba ɗaya, daga baya suka zame mata ɗaya bayan ɗaya.

An fito da Peugeot 504 a Faransa a 1968, ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Amma a Afirka ta yi suna na gaske. Ƙafafun baya ne ke tura ta, cikinta a ɗage yake daga ƙasa, shokozobarta kuma tana da doguwar tafiya, ta yadda za ta faɗa rami ta fito ba tare da ta wujijjiga na ciki ba. Sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun baya a cikin wani bututun ƙarfe take, ƙura da duwatsu ba sa samun ta. A 1975 wata 504 ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka, wadda ake yi a kan hanyoyin laka da burji na Kenya. A wannan shekarar ce kuma masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna, wato PAN, ta fara harhaɗa motoci.

Kamfanin na Kaduna yana cikin wani babban shiri na gwamnatin tarayya a zamanin da kuɗin fetur ya shigo. An kafa Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa manyan motocin Marsandi a Inugu, Steyr a Bauchi, da kamfanin haɗa manyan motocin Fiat a Kano. A cikinsu duka babu wanda ya shiga rayuwar mutane kamar na Kaduna. Har ta jirgin sama ake jigilar sassan mota daga Liyon ta Faransa zuwa filin jirgin Kano, sannan a ɗauko su zuwa Kaduna. A farkon shekarun 1980 masana'antar ta kai tana fitar da mota sama da dubu hamsin a shekara, dubban mutane na cin abinci a cikinta, ban da masu sayar da abinci a bakin ƙofa da masu ba da hayar ɗaki a Kakuri da Makera.

Sai gwamnati ta ƙara mata ƙarfi. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, aka mayar da 504 motar manyan jami'ai a maimakon Marsandi. Gwamna Fijo, babban sakatare Fijo, 'yan sanda Fijo. Ma'aikacin da ya karɓi bashin mota shi ma Fijo yake nufa. A tasha kuwa wagon ɗinta mai layi uku ce ke ɗaukar fasinjan Kano zuwa Kaduna ko Maiduguri, a-kori-kurarta na cin kasuwannin ƙauye, daga baya J5 ta zo tana kai tumatir da albasa Kudu.

Wannan yawa shi ne sirrin. Tun da kowa ita yake hawa, kowane gareji ita ya iya. Injinta na kafireta ne, babu kwamfuta a ciki. In ta mutu a daji tsakanin Potiskum da Damaturu, direban da kansa zai buɗe bonet, ya goge fulogi, ya daidaita kwantak, ya hura kafireta da baki, ta tashi. Ba wai ba ta lalacewa ba ne. Tana zafi in lagireto ya toshe, tana shan mai, tsatsa na cin bodinta. Sai dai lalacewarta ba ta kwana, domin maganin yana garin da ke gaba. Idan iyayenmu suka ce Fijo ba ta ba da kunya, wannan suke nufi.

Abin da ya fara karya ta ba daga Japan ya zo ba. Farashin fetur ya faɗi a kasuwar duniya, kuɗin waje ya yi ƙaranci, sannan a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP aka karya darajar naira. Kuɗin da a farkon shekarun 1980 ya fi dala daraja ya koma kusan naira huɗu kan dala ɗaya, ya kuma ci gaba da zubewa. Masana'antar da ke sayo akasarin sassanta daga Faransa dole farashinta ya bi. Sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da akawu, har da darakta in bai da wata hanya.

Nan ne motocin gwanjo suka samu ƙofa. Ana ɗauko su daga tashoshin ruwan Turai, musamman Antwerp ta Beljiyam, a sauke a Kwatano, a shigo da su ta kan iyaka. Shi ya sa har yau in an ce mota 'yar Kwatano ce ko Beljiyam ce, kowa ya gane ta taɓa zama a hannun wani Bature. A wannan kasuwa tambayar ta sauya. Ba a tambayar wace mota ce ta fi daɗi tana sabuwa, ana tambayar wace ce za ta ci gaba da aiki bayan ta yi shekara goma ko fiye a hannun wani. A nan Toyota ta yi fice, ita da 'yar uwarta Honda.

Kuma ba sa'a ba ce. Toyota, wadda Kiichiro Toyoda ya kafa a 1937, ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu cikin talauci, ba ta da halin yin asarar ƙarfe ko lokaci. Wani injiniyanta, Taiichi Ohno, ya jagoranci tsarin aikin da ya ba kowane ma'aikaci damar jan igiya a tsayar da layin haɗa mota in ya ga aibu, a nemo asalin matsalar kafin a ci gaba. Kamfanin kuma ba ya gaggawar sauya abin da ke aiki. Inji ɗaya zai daɗe yana yawo a motoci daban-daban, wanda hakan ke nufin safayar wannan na iya shiga waccan. Hiace ta fito a 1967, Corolla a 1966, Hilux a 1968, kuma duk sunayen nan uku suna nan a kasuwa har gobe.

Maƙwabtanmu sun ga ƙarfin Toyota ta wata fuska mai ɗaci. A 1987 sojojin Chadi suka fatattaki na Libiya a Fada da Wadi Dum a kan motocin Toyota masu buɗaɗɗen baya da aka ɗora wa makaman fasa tankoki, har ake kiran wannan zango na rikicin Yaƙin Toyota. Abin lura shi ne Faransa, gidan Peugeot, ita ce ke mara wa Chadi baya da makamai a lokacin.

Peugeot da kanta ta taimaka wajen faɗuwarta a nan. Motocin da suka biyo bayan 504 da 505 an tsara su ne don titunan Turai da dokokin hayaƙi na Turai. 406 dai ta samu karɓuwa, har yanzu direbobin doguwar tafiya na yabon zamanta a kan titi da laushinta, kuma duk wanda ya yi tafiyar awa biyar a cikinta ya san Corolla ba ta kamo ta a nan ba. Amma 307 da 407 sun zo da wutar da ta ratsa ko'ina, komai sai ya bi ta kwamfutar da kanikawa ke kira birenbos. Bakaniken da ya ƙware a kafireta, da mai rewaya da ya saba yanke waya ya ɗaura, suka tarar da motar da ke son na'urar bincike da man giya na musamman. Aka yi ta gyaran kirdado, motoci suka yi ta mutuwa a gareji, laifin kuma ya hau kan sunan Fijo baki ɗaya. A ganina an zalunce ta kaɗan a nan, ko da yake giyar otomatik ta 307 ta ba mutane wahala har a can Turai.

Ita ma Toyota ba waliyyiya ba ce. A 2009 da 2010 ta janye miliyoyin motoci a Amurka da wasu ƙasashe saboda matsalar totur da ke maƙalewa. Camry ɗin da 'yan kasuwa ke kira Muscle an san wasu injinanta da shan baƙin mai, kuma rana na narka dashbod ɗinta. Bambancin shi ne in ta lalace yau, Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna za su ba ka kayanta kafin la'asar, sabo ko na Beljiyam, kuma yaron gareji ma ya iya ɗaurawa. Wato ta gaji kujerar da 504 ta zauna a kai. Sai dai mai ita yana biyan wannan kwanciyar hankali tun ranar saye, domin tsohuwar Corolla ta fi takwararta Fijo tsada nesa ba kusa ba, ɓarayin mota ma ita suka fi so, saboda ba ta wuyar sayarwa.

Ita kuwa Kakuri, gwamnati ta janye hannunta a hankali. Tsarin mayar da alawus kuɗi da aka fara a 2003 ya rage sayen motocin ofis, manyan jami'ai kuma suka koma Prado da Land Cruiser. A 2006 aka sayar da hannun jarin gwamnati a PAN ga 'yan kasuwa, a daidai lokacin da aka daina haɗa 504, shekaru da dama bayan an bar yin ta a Faransa. Bashi ya yi wa kamfanin katutu har hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012. A 2022 wani sabon kamfani na haɗin gwiwa da Dangote ya fara harhaɗa Peugeot a wajen garin Kaduna, amma a tasha dai Homa bas ce ke lodi, kuma ita Toyota Hiace ce da aka haɗa a wata ƙasa.

Ga mai rubuta labari, wannan duk kayan aiki ne. Fijo 504 fara sol a 1979 tana nuna mutum ya shiga gwamnati. Ita ɗin dai a 1999, an ɗaure ƙofarta da igiya, tana nuna ɗan fansho ne da bai iya sauya ta ba. In kuwa jaruminka ya dawo daga Kwatano a 1994 da Corolla mai takardun kwastam da ba a tabbatar da ingancinsu ba, ka riga ka samu abin da zai faru da shi a shingen farko.